Ranar da Ƙarfi Ya Ƙare: Magana Kan Asusun Tsufa a Zangunanmu

A zangunanmu na Gana, daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra, zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, har Salaga da Tamale da Bawku, kalmar fansho tana da masu ita. Ta tsohon soja ce da ɗan sanda, ta malamin makarantar boko da ma'aikacin asibiti. Mahauci da tela da direban trotro, da mai koko da ƙosai, da dillalin shanu a kasuwar Tulaku, idan suka ji ana zancen fansho a rediyo sai su ci gaba da abin da suke yi, domin a ganinsu ba da su ake ba. Mafi yawanmu kuwa a wannan sahu muke. Mun gaji ciniki da aikin hannu daga iyaye, kuma babu wani ofishi da ke yanke mana wani abu a ƙarshen wata ya ajiye mana.

Ra'ayinmu a wannan rubutu shi ne, lokaci ya wuce wannan tunani. Tun shekarar 2008 dokar ƙasar nan ta buɗe wa mai sana'ar kansa ƙofar ajiyar tsufa da sunansa, ta ɗauke wa ajiyar haraji, har ma ta yi masa sassaucin da ba ta yi wa ma'aikacin albashi ba. Ya kamata mu shiga, ido a buɗe, kuma a ƙungiyance, domin mu sami bakin neman a gyara mana abin da bai dace da addininmu ba a cikin tsarin.

Kafin mu kai ga doka, adalci ne mu fara da abin da muka tarar. Kakanninmu da suka biyo hanyar fataucin goro zuwa Gwanja ba su zauna babu shirin tsufa ba. Shirinsu yana kan 'ya'ya, da gida, da jarin sana'a. Mutum ya tarbiyyantar da 'ya'yansa a kan sana'arsa, in ƙarfi ya ƙare ya miƙa musu rumfa ko shago, shi kuma ya koma zaure da sahun gaba a masallaci, ana kawo masa cefane. Mai gida yana da ɗakunan haya. Uwa tana da kwanuka da atamfofi da ɗan gwal a ƙasan akwati, waɗanda ake fiddawa ranar wuya. Wannan tsari ya rufa wa dubban tsofaffi asiri, kuma har gobe ciyar da iyaye wajibi ne a kan 'ya'ya, babu asusun da zai sauke musu shi.

Sai dai kowa ya dubi lungunsa ya ga yadda waɗannan ginshiƙai suka yi laushi. Gidan da kaka ya gina da ɗakuna goma sha biyu, yau magada arba'in ke da haƙƙi a cikinsa, kuɗin hayar da ake rabawa ba ya sayen maganin hawan jini na wata guda. Wanda bai gaji ɗaki ba kuwa yana hannun masu gidaje, waɗanda suka saba neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, duk da cewa dokar haya ta 1963 wata shida ta ƙayyade. Dattijo mai shekara sittin da biyar da aka ce ya kawo kuɗin shekara biyu ko ya kwashe kayansa, wa zai nufa? 'Ya'yan nasa su ma haya suke, wasu sun gama makaranta suna yawo da takardu, wasu sun bi hanyar Libiya, wasu na Amurka ko Jamus suna fama da nasu nauyin. Ɗa yana son ya yi, hannunsa ne bai kai ba. Jarin sana'a kuma, duk wanda ya ga gobarar kasuwar Kantamanto a farkon watan Janairun 2025, ko gobarar da ta sha cin babbar kasuwar Kumasi, ya san dukiyar shekara talatin tana iya zama toka kafin asuba.

Ga kuma abin da ba mu cika faɗa da ƙarfi ba. Sana'o'inmu na jiki ne. Mahauci yana buƙatar dantse, tela yana buƙatar ido, direba yana buƙatar baya da gwiwa, mai dafa wake da shinkafa tana tashi tun ƙarfe uku na dare ta tsaya a gaban wuta. Ma'aikacin gwamnati doka ce ke sallamarsa a shekara sittin. Mu jiki ne ke sallamarmu, kuma ba ya ba da takardar gargaɗi. Shi ya sa ake ganin tsohuwa mai shekara saba'in tana tallar goro a rana, da dattijon da ya yi suna a kasuwa yana zaune a ƙofar masallaci bayan Juma'a yana sunkuyar da kai. Tallafin LEAP da gwamnati ta fara a 2008 domin matalauta, har da tsofaffi masu shekara 65 da ba su da mai kula da su, taimako ne, amma babu wanda zai ce ya isa a rayu a kansa. Inshorar lafiya ta ƙasa ta yafe wa masu shekara 70 kuɗin shiga, amma ba ta biyan haya, ba ta sayen gawayi.

To me dokar ta ce? Dokar Fansho ta Ƙasa, mai lamba 766, an zartar da ita a 2008, aka fara aiki da ita a watan Janairun 2010. Ta gina fansho hawa uku. Hawa na farko shi ne na SSNIT, na biyu kuma asusun wurin aiki ne da kamfanoni masu lasisi ke riƙewa. Waɗannan biyun dole ne ga ma'aikacin albashi: ana tara kashi 18.5 cikin 100 na albashinsa, kashi 13 daga mai ba shi aiki, kashi 5.5 daga aljihunsa, sai kashi 13.5 ya tafi SSNIT, kashi 5 ya tafi hawa na biyu. Hawa na uku, wanda a ofisoshi za a ji ana ce masa Tier 3, shi ne na ganin dama, kuma shi ne abin maganarmu. Asusu ne da sunan mutum shi kaɗai. Shi zai zaɓi kamfanin da zai buɗe a wurinsa, shi zai yanke nawa zai riƙa zubawa da kuma yaushe. Hukumar NPRA ce ke ba kamfanonin lasisi, ita ke sa musu ido.

Abin da ya bambanta wannan asusu da ajiyar banki shi ne haraji. Ma'aikacin albashi yana iya zuba har kashi 16.5 cikin 100 na albashinsa a hawa na uku, a cire wannan kuɗi tukuna kafin a lissafa masa haraji. Mu ɗauki malamar makaranta mai albashin sidi 3,000 a wata. Kashi 16.5 nata sidi 495 ne. A ma'aunin harajin da aka yi aiki da shi a 2024, saman albashi irin wannan ana cire masa kashi 17.5. Ke nan idan ta zuba sidi 495 a asusun, kusan sidi 86 daga ciki kuɗi ne da dā ma hukumar haraji za ta ɗauke. A shekara ya haura sidi dubu. Wanda albashinsa ya kai matakin kashi 25 kuwa, duk sidi 100 da ya ajiye, sidi 75 ne kawai ya ragu daga abin da zai kai gida. Idan ta yi ritaya ta ɗebi kuɗinta babu haraji. Idan ta haƙura shekara goma ma, tana iya ɗiba babu haraji ko ba ta yi ritaya ba. In ta taɓa kafin nan ne za a cire mata.

Mai sana'ar kansa, wanda ba ya cikin hawa na farko da na biyu, dokar ta ba shi fiye da haka. Har kashi 35 cikin 100 na kuɗin shigar da ya bayyana yana iya zubawa a ɗauke masa haraji a kai, wato an haɗa masa kashi 18.5 ɗin nan da kashi 16.5 wuri guda. Shekara biyar kawai zai jira kafin ya iya ɗiba babu haraji. Sannan ajiyarsa gida biyu ake raba ta: ɗaya ta tsufa, wadda ke kulle sai lokacinta, ɗaya ta buƙata, wadda zai iya taɓawa idan ciniki ya tsaya ko ciwo ya zo. Masu rubuta dokar sun fahimci cewa mai kasuwa ba ya iya kulle duk abin da ya samu. Dokar ta kuma yarda a yi jingina da abin da aka tara domin samun rancen gidan da mutum zai zauna a ciki, abin da ya shafi zango kai tsaye.

Irin wannan asusu ba a Gana aka fara shi ba. 'Yan'uwanmu da ke tuƙin tasi da aikin asibiti a unguwar Bronx ta Niyok sun san shi da sunan IRA, wanda dokar Amurka ta kafa a 1974. A nau'insa na asali ana ɗauke haraji ranar zubawa, a karɓa ranar ɗiba. A 1997 aka ƙaro nau'in Roth, mai sunan Sanata William Roth, inda ake biyan haraji tun farko, a ɗiba babu haraji a tsufa. A 2024 iyakar abin da mutum zai zuba a shekara dala 7,000 ce, ko 8,000 ga wanda ya kai shekara hamsin, kuma wanda ya ɗiba kafin shekara 59 da rabi yakan biya tarar kashi 10. Idan aka gwada, namu ya fi nasu sauƙi ta fuska guda: a nan ana yafe harajin a shiga, a kuma yafe shi a fita. Ɗan zangon da ke can yana turo kuɗin cefane da na gini kowane wata, shi ma ya tuna cewa tasi ba ta da fansho, ya buɗe nasa. Wanda ya riƙe gida goma da ƙarfinsa, ranar da ya kasa, gida goma ne suka kasa.

A nan dole a faɗi gaskiya guda. Rangwamen haraji yana amfanar mai biyan haraji ne. Ma'aikaciyar jinya da malami da ma'aikacin banki, waɗanda alhamdu lillahi suna ƙaruwa a cikin 'ya'yanmu, su ne za su ga ribarsa a takardar albashi tun watan farko, kuma duk wanda ke cikinsu bai buɗe asusun ba, kuɗinsa yake bari a ƙasa. Mai babban shago da ya yi rajista da GRA shi ma zai gani. Amma mai tallar koko da abin da take samu bai kai matakin haraji ba, wannan rangwame ba zai ƙara mata ko pesuwa ɗaya ba. Amfanin asusun a wurinta yana wani wuri: kuɗin yana nesa da hannu. Duk mun san yadda ajiya ke mutuwa a zango. Suna ya taso, aure ya taso, ɗan'uwa ya zo da hawaye, anko ya fito, sai a fasa. Kuɗin da ke cikin ɗaki kowa yana da haƙƙi a kansa, mai shi ne na ƙarshe. Kuɗin da ke kulle da doka kuwa yana ba mutum amsar da ba za ta ɓata zumunci ba.

Mu gwada da susu, wato adashinmu na nan. Mai susu yana zagayawa kullum yana karɓa, ƙarshen wata ya mayar, ya riƙe zubin kwana ɗaya ladan aikinsa. Kwana ɗaya cikin talatin da ɗaya ya haura kashi 3 cikin 100 a kowane wata, kuma kuɗin bai ƙaru da komai ba. Ba mu raina susu ba, shi ya aurar da 'ya'ya ya tayar da jari. Amma numfashinsa wata guda ne, tsufa kuwa ana shirya masa ne da shekaru ashirin ko talatin. Abin da susu ya tabbatar shi ne mun iya zubi. Matar da ba ta taɓa fashin sidi goma a rana ba, ba sai an koya mata haƙuri ba. Mun iya tara kuɗin aikin Hajji shekara da shekaru, mun iya tara na ragon layya. Sidi biyar a rana, kwana 300 a shekara, sidi 1,500 ne, a shekara 25 ya zama 37,500 tun ba a lissafa abin da juyawa ta ƙara ba. Yanzu kuma da waya ake zubawa ta MoMo, ba sai an rufe shago an tafi ofis ba.

Masu ja da baya suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce amana. Dattawanmu ba su manta da watan Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, mutane suka sayar da kayansu a wulaƙance, wasu suka bar gidaje a tsaye. Daga nan wasu gidaje suka koyi cewa dukiyar da za ka iya ɗauka a ka ita ce taka. Na baya kuma sun ga DKM a 2015, sun ga Menzgold a 2018, sun ga Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347 a 2019, a shekarar kuma aka soke na kamfanonin juya kuɗi 53. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Amsar ita ce a duba yadda aka gina abin. Wuraren da suka cinye kuɗin mutane, hannu ɗaya ne ke karɓa, shi ke ajiyewa, shi ke juyawa, shi ke alkawarin riba mai tsoka kowane wata. A tsarin fansho doka ta raba aikin gida uku: kamfanin amintattu yana riƙe rajista da alhakin asusun, wani kamfanin daban yana juya kuɗin, banki na daban kuma shi ke riƙe dukiyar a hannunsa. Wannan bai kawar da haɗari duka ba, amma ya sa cin amana ya yi wuya ƙwarai. Saboda haka kafin mutum ya ba da ko sidi ɗaya, ya nemi sunan kamfanin a jerin masu lasisi na NPRA, ya tambayi wane banki ke riƙe kuɗin, nawa ake cirewa ladan aiki, kuma ta yaya zai riƙa ganin lissafinsa. Duk wanda ya yi masa alkawarin kashi kaza a wata, ya tashi ya bar wurin.

Akwai kuma darasin 2022. A watan Disamba na shekarar gwamnati ta kasa biyan bashin cikin gida yadda ta yi alkawari, ta fito da shirin sauya takardun lamuni. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aiki, kafin watan ya ƙare aka cire kuɗin fansho daga shirin, daga baya a 2023 aka zauna da su aka yi musu nasu sharuɗɗan daban. Tsofaffin da suka sayi takardun da kansu kuwa sai da suka yi ta zaman dirshan a harabar Ma'aikatar Kuɗi a watan Fabrairun 2023, har tsohuwar Babbar Jojin ƙasa, Sophia Akuffo, ta zauna tare da su da kwalinta a hannu. Abin lura shi ne, gwamnati tana iya gazawa, amma kuɗin da ke da ƙungiya a bayansa shi aka fara jin tsoron taɓawa.

Hujja ta biyu ita ce faɗuwar darajar kuɗi. A 2007, da aka yanke sifiri huɗu daga tsohon sidi, sabon sidi ɗaya ya ɗan ɗara dala ɗaya. A watan Nuwamban 2022 dala ɗaya ta haura sidi 12, a Disamba kuma hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100. Mai hankali zai ce, me ya sa zan kulle kuɗin da ke narkewa? Gaskiya ne, a shekara irin wannan da wuya asusu ya kamo farashi. Amma wannan wuta ta fi cin kuɗin da ke ƙarƙashin katifa da na hannun mai susu, domin su ba a juya su ko kaɗan. Abin da ya dace shi ne kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. Mai fili ya riƙe filinsa, mai shanu ya riƙe shanunsa, a ƙara da asusun. Fili ba ya yankuwa a sayi magani ranar Talata, ga rigingimun filaye da muka sani, inda ake sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku. Asusu kuwa ana ɗibarsa kaɗan kaɗan. Wanda bai wuce shekara 45 ba yana da ƙarin hanya: tun 2023 SSNIT ta ƙaddamar da shirin SEED domin masu sana'ar kansu, inda mutum ke biyan kashi 13.5 na kuɗin shigar da ya bayyana, in ya cika wata 180 ya kuma kai shekarun ritaya, ya sami fansho kowane wata har ƙarshen rayuwarsa. Wanda ya haura 45 bai taɓa shiga ba, wannan ƙofa ta rufe masa, hawa na uku ne ya rage.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ita ce ba a cika tattaunawa a fili ba: riba, wato kuɗin ruwa. Mafi yawan kuɗin fansho a Gana ana zuba shi ne a takardun lamunin gwamnati, waɗanda ruwa suke biya. Musulmin da ya ƙi ruwa a banki, da wuya a ce masa ya karɓe shi da sunan fansho ya yarda. Wannan shafi ba wurin fatawa ba ne. Akwai malaman da ke ganin mutum ya shiga saboda larura, ya ware abin da ya tabbata ruwa ne ya bayar ga mabuƙata ba da niyyar lada ba, akwai kuma masu ganin a nisanta. Abin da muke ƙi shi ne a tsaya a kan "haramun ne" a watse, a bar tsoho da hannu biyu. Wasu al'ummomin Musulmi sun fuskanci wannan tambaya suka gina mata amsa. Maleshiya ta kafa Tabung Haji tun 1963 domin talaka ya tara kuɗin Hajji ta hanyar halal. Nijeriya ta fitar da sukuk na gwamnatin tarayya a 2017 aka gina hanyoyi da shi, ta ƙaddamar da fanshon masu ƙananan sana'o'i a 2019, sannan a 2021 hukumar fanshonta ta buɗe asusu na shida, wanda ba ya taɓa ruwa, mai ajiya ya zaɓa da kansa. Abin da ya yiwu a Abuja babu dalilin da zai hana shi yiwuwa a Akra.

Amma ba a buɗe wa wanda ba ya nan ƙofa. Kamfani ba zai ware asusun halal domin mutum biyar ba, zai ware domin mutum dubu hamsin. Dokar 766 ta yarda ƙungiyar masu sana'a ta kafa tsarin fansho na haɗin gwiwa, kowa da asusunsa a ciki. Manoman koko sun sami nasu, an ƙaddamar da shi a Kumasi a watan Disamban 2020. Mu ma muna da ƙungiyoyin da suka girme wannan doka: mahauta da sarkin fawansu, dillalan shanu, 'yan goro, masu albasa da tumatir, teloli, direbobin tasha, ƙungiyoyin mata na unguwa, malaman makarantun Islamiyya waɗanda da yawansu ke koyarwa shekara talatin babu takardar aiki. Idan waɗannan suka haɗa kai, da goyon bayan sarakunan zango da ofishin Babban Limamin Ƙasa, suka tunkari NPRA da kamfanonin amintattu da buƙata guda, cewa ga mutanenmu ga kuɗinsu, a zuba shi a hannun jarin kamfanonin halal da gidaje da abin da ya yi kama da sukuk, maganar za ta sami mai saurare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saura mai cewa tanadin tsufa rashin tawakkali ne, wa ya san zai kai gobe? Wanda ya karanta ƙissar Annabi Yusuf, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya san cewa ajiye hatsin shekarun yalwa domin shekarun fari shawarar annabi ce. Manomi yana tawakkali, amma yana ɗaure iri a rumbu. Wanda bai kai tsufa ba kuma kuɗinsa bai ɓata ba, na magadansa ne. A nan akwai aikin da ke jiran malamanmu. Takardar buɗe asusu tana neman sunayen waɗanda za a ba kuɗin in mutum ya rasu, kuma kamfani sunan da ya gani zai bi. Idan mai mata biyu ya rubuta ɗa ɗaya ya yi shiru, ya bar wa gidansa fitina. Ya kamata a koyar da mutane yadda za su cika wannan wuri daidai da rabon gado, su bar wasiyya a rubuce, su sabunta sunaye idan an yi haihuwa ko rasuwa. Haka batun zakka a kan kuɗin da ke kulle, yana buƙatar bayani daga masana a majalisin karatu da huɗubar Juma'a, da harshen da mahauci zai gane.

Mata su ne ya fi kamata a fara da su. Su suka fi tsawon rai, su suka fi yawa a ƙananan sana'o'i, kuma su ne ribar cinikinsu ke ƙarewa a tukunya da kuɗin makaranta. Mace ta yi shekara arba'in tana ciyar da gida, miji ya rasu, rabonta na gado ya zama tumuni, wanda in da kishiyoyi a raba shi a tsakaninsu. Asusu da sunanta, da katin Gana nata, da lambar wayarta, dukiya ce da Musulunci ya riga ya ba ta ikon mallaka. Ɗan da ke son ya yi wa uwarsa abin kirki, bayan atamfar Salla, ya raka ta ta buɗe, ya riƙa zuba mata wani abu duk wata. Matasa kuma, masu okada da gyaran waya da aski, su ne lokaci ke gefensu. Wanda ya fara a shekara ashirin da biyar da kaɗan yakan riga wanda ya fara a arba'in da biyar da mai yawa, domin da yayyafi kogi kan cika.

Mun iya haɗa kuɗi ranar jana'iza. Kafin a ɗauki gawa an tara na likkafani, an tara na sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, an yi hayar kujeru da rumfa. Wannan zumunci abin alfahari ne, kuma maƙwabtanmu suna yaba mana shi. Tambayar da ta rage ita ce shekaru goma ko goma sha biyar ɗin da suka gabaci wannan rana, lokacin da mutum yana raye, ba ya iya fita kasuwa, yana jin nauyin roƙon ɗansa kuɗin sabulu. Duk ƙungiyar da ke da taro a wannan wata, ta sa maganar a gaba: a nemo jerin kamfanoni masu lasisi, a gayyato biyu ko uku su yi bayani a gaban malami da wanda ya san lissafi, a yi musu tambayar ruwa ido da ido, a rubuta amsarsu. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu yi tsufa mai mutunci, Ya sa mu gama da duniya lafiya.